Tsohon moto mai hayaƙi: aikinsa, gyaransa da inda ake samun kayansa

Kowa ya san ƙararsa tun kafin ya hango shi: ƙara siririya mai kaifi, ga shuɗin hayaƙi na biye da shi. Shi ne moto mai inji bugu biyu, wanda makanikai ke ce wa «de-tan», kuma a jikin galan ɗin mansa ake rubuta 2T. Sabbin baburan Sin da Indiya sun cika hanyoyinmu, amma a ƙauyukan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso har gobe akwai gidajen da tsohon Yamaha ko Suzuki ne ke kai hatsi kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi kuma ake bugawa da tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama, a kai mace likita. Ranar da ya ƙi tashi, asarar ba ƙarama ba ce.

Abin da muke so masu sauraronmu su riƙe shi ne, ba tsufa ke kashe irin wannan inji ba. Akasari abu uku ne: ƙarancin man shafawa, ƙura, da kayan gyaran da ba nasa ba. Wanda ya kiyaye ukun nan, motonsa zai daɗe yana yi masa aiki.

Yadda injin ke aiki

A inji mai bugu huɗu, irin na Boxer da akasarin baburan Sin, sai fistan ya hau ya sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Yana da bawul, kuma baƙin mansa na zaune a ƙasan inji, ana juye shi lokaci-lokaci. Mai bugu biyu kuwa, duk hawa da sauka guda wuta na tashi. Ba shi da bawul. Ramuka ne a jikin silinda, fistan da kansa ke buɗe su yana rufewa.

Fetur da iska na fara shiga ƙasan inji ne, inda kuransha ke juyawa, sannan su haura sama su ƙone. Shi ya sa ba wurin da baƙin mai zai zauna. Dole man shafawa ya biyo fetur, ya shafi boris da fistan a kan hanyarsa, sannan ya ƙone tare da shi. Hayaƙin da kuke gani ke nan. To kun ga, in man nan ya yanke ko na ɗan lokaci kaɗan, ƙarfe ne zai riƙa gurzar ƙarfe.

Alherinsa: ba nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, yana da ƙarfi fiye da girmansa, kuma makaniken ƙauye na iya kwance shi ya ɗaure a yini guda. Aibinsa: ya fi shan mai, don wani feturin na bin salansa ya fita bai ƙone ba.

Ire-iren da suka shigo mana

Na farko su ne ƙananan Faransa masu feda, ƴan santimita 50: Mobylette ta kamfanin Motobécane, wadda ta fito a 1949, da na Peugeot irin su BB, P50 da 103, wadda ta fito a 1971. Waɗannan a tanki ake haɗa musu mai, abin da muke kira melanj. Haka ma tsohuwar Vespa ta Italiya.

Sai na Japan: Yamaha V80 da ake ce wa «Yamaha dam», YB100, DT125 da AG100, da Suzuki A100, AX100, TS125 da TF125. Ita AG100 tun farko an ƙera ta ne don makiyaya da manoman Ostiraliya, shi ya sa sarƙarta a rufe take, ga kariya gaba da baya. Ita da DT125 su ne ma'aikatan gona, na lafiya da na furoje suka yi ta shiga daji da su. Jincheng da ta cika arewacin Najeriya ta tsallako mana, AX100 ce da aka ƙera a Sin da izinin Suzuki. Akwai kuma RX100 da aka yi a Indiya daga 1985 zuwa 1996.

Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta tsadar da kayan Faransa da Japan. Daga baya baburan Sin masu araha suka shigo, dokokin hayaƙi a ƙasashen da ake ƙera su kuma suka sa kamfanoni suka koma bugu huɗu. Ƙaramin janareto ɗin nan 950 da ke shaguna da gidaje shi ma bugu biyu ne, don haka abin da za mu faɗa kan mai da buji ya shafe shi.

Man 2T da awonsa

Nan ne aka fi yin ɓarna. Man 2T an yi shi ne don ya gauraya da fetur ya ƙone ba tare da ya bar toka mai yawa ba. Baƙin man mota ko na babur mai bugu huɗu ba a yi shi don ƙonewa ba: yana tara gawayi a kan fistan, ya liƙe zobba, ya toshe salansa. Man juye da aka riga aka yi aiki da shi kuwa, ɓarɓashin ƙarfe ne a cikinsa, kada ma a kusanto da shi.

A duba jikin galan. In an ga API TC, ko JASO FB, FC ko FD, to na wannan aiki ne, kuma FC da FD sun fi ƙarancin hayaƙi. Mai alamar TC-W3 na injin jirgin ruwa ne wanda ruwa ke sanyaya shi, ba na moto ba.

Ga awon melanj:

- Kashi 2 cikin 100: mililita 20 a lita guda, 100 a lita biyar.
- Kashi 3 cikin 100: mililita 30 a lita guda, 150 a lita biyar.
- Kashi 4 cikin 100: mililita 40 a lita guda, 200 a lita biyar.

Vespa da janareto 950 kashi 2 suke so. Tsohuwar mobilet da man 2T na gama-gari, kashi 4. In akwai rubutu a murfin tanki ko littafin moto, shi za a bi. Kada a auna da ido, kada a auna da kofin shayi, don kofunan ba girmansu ɗaya ba. Sirinji sabo na mililita 20 daga farmasi ya isa, a ajiye shi tare da kayan aiki. A haɗa man a kwalba ko jarka, a girgiza, sannan a zuba a tanki.

Wasu na cewa gara a cika mai da yawa don inji ya huta. Ba haka ba ne. Mai in ya wuce kima, buji ya jiƙe, gawayi ya taru, kuma feturin da ke wucewa ta karburata ya ragu.

Famfon mai

Akasarin na Japan suna da ƙaramin tankin 2T daban, da famfo mai tura shi daidai da yadda aka murɗa totur. Yamaha na kiran nata Autolube, tun 1964, Suzuki kuma CCI. Famfon ba ya yawan lalacewa. Abin da ke faruwa shi ne tanki ya ƙare ba a lura ba, ko tiyo ya tsage, ko wayar famfo ta saki. In tankin ya taɓa ƙarewa, iska ta shiga, sai an kwance ɗan kusar fitar da iska a bar mai ya zubo har kumfa ya ƙare. Kafin a tabbata famfo ya kama, a sa melanj a tankin farko.

Makanikai da yawa kan cire famfo su ce a koma haɗawa a tanki. A wasu injunan Suzuki wannan haɗari ne, don famfon ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin kuransha, kuma melanj ba ya isa gurin yadda ya kamata. A tambaya da kyau kafin a yarda a cire.

Kada kuma a manta da man giya. Shi daban yake, ba ya ƙonewa, kuma yana son canji. Yawancin injuna an buga adadinsa a jikin murfi kusa da bakin zubawa.

Ƙura, zafi da man kwalba

Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyinmu, in suka wuce filta, sun zama takardar gurza a cikin silinda da boris. Filtar soso a wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, ta bushe, a ɗiga mata mai, a sake matsewa har ya game ta. Busasshen soso ba ya kama ƙura. Lokacin hazo a duba ta kowane mako. Wanda ya yar da filta wai don moto ya ƙara gudu, kuɗin fistan yake tarawa.

Iska ce kaɗai ke sanyaya injin nan. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, tafiya mai nisa cikin rairayi a giya ɗaya ko biyu da kaya niƙi-niƙi na dafa shi. A riƙa tsayawa yana shan iska, a kuma kankare laka daga haƙarƙarin silinda. In aka ji moto na nauyi farat ɗaya kamar an riƙe shi ta baya, a kama kuloci nan take, a tsaya. Fistan ne ke shirin kamawa. Kada a watsa masa ruwa, a bar shi ya huce da kansa.

Man kwalba na bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta. In an gauraya shi da kananzir, inji kan yi ƙwanƙwasa ya yi zafi, har kan fistan ya ɓule.

Buji, madubin inji

Buji, wanda a Najeriya ake ce wa fulogi, shi ke faɗin abin da ke ciki. Bayan tafiya mai ɗan nisa, a kwance shi a duba bakinsa:

- Ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe: lafiya lau.
- Baƙi a bushe kamar kunkunniya: fetur ya yi yawa, ko filta ta toshe.
- Baƙi a jiƙe: man shafawa ya yi yawa, ko wuta ba ta da ƙarfi.
- Fari fat, ko da ɗigon toka mai ƙyalli: fetur ya yi kaɗan, inji na ƙonewa. Wannan shi ne mafi haɗari, kada a ci gaba da tafiya a haka.

Rubutun jikin buji na da ma'ana. A na NGK, kamar B7HS ko B8ES, harafin B na nufin kaurin zare milimita 14. H gajeren zare ne, milimita 12,7, E kuma dogo, milimita 19. Dogon buji a gurbin gajere na iya dukan fistan. Lambar tsakiya in ta ƙaru, bujin ya fi jure zafi. A na Bosch lissafin a juye yake. Tazarar bakinsa a akasarin waɗannan injuna milimita 0,6 zuwa 0,7 ce. Mai tafiyar daji ya riƙe buji guda na ajiya da sifanarsa.

Daidaita karburata

Kafin a taɓa kowace kusa, a tabbata filta na da tsabta, buji na da kyau, inji kuma ya yi ɗumi. A wanke karburata da fetur, a hura ramukan da iska. Kada a soka waya ko allurar ɗinki a ramin jiklar, don da ya faɗaɗa awonsa ya tashi ke nan.

Kusoshi biyu ne a waje. Ɗaya ta ɗaga ƙarar inji in yana tsaye, ɗaya ta iska. Ta iskar a murɗa ta ciki a hankali har ta zauna, ba da ƙarfi ba, a dawo da ita zagaye ɗaya da rabi. Daga nan a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har a sami inda inji ya fi sakin murya, sannan a sauko da ƙarar da ɗaya kusar. Allurar cikin karburata yawanci tana da tsagi biyar, kuma na tsakiya ne mazauninta. In aka mayar da maƙallin tsagin sama, fetur ya ragu. In aka mayar da shi ƙasa, ya ƙaru.

Ga gargaɗi: rage fetur don tsimi shi ne hanya mafi sauri ta kashe bugu biyu. Feturin na sanyaya fistan, kuma a mai melanj shi ke ɗauke da man shafawa. Tsimin ƴan daloli a lita kan ƙare da biyan jikkuna a gareji.

Wuta

Tsofaffin na da bis filatine, wato kwantak, a cikin maganaɗisu. Tazararsa milimita 0,3 zuwa 0,4, kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da alamomin kamfani suka haɗu. In bakinsa na yawan ƙonewa, a zargi kwandansa. Masu CDI ba abin daidaitawa, sai dai a duba wayoyi da kwayil. Moto in yana harbin ƙafa wajen bugawa, ko ya mutu bayan ya yi tari, a duba ɗan makullin da ke riƙe maganaɗisu a kan kuransha, yakan karye. A cire maganaɗisu da abin jansa na musamman. Guduma na lanƙwasa kuransha.

Fistan, zobba da salansa

In kik ya yi laushi, ƙarfi ya ragu, ana jin kacau-kacau a sama, lokacin buɗe silinda ya yi. In jikinta sumul yake, sabbin zobba sun isa. In ta yi zane mai zurfi, sai an kai ta wurin masu injin gurza a sa fistan na gaba. Matakan su ne 0,25, sai 0,50, sai 0,75, sai 1,00, kuma ana buga lambar a kan fistan. A sayi fistan tukuna, a kai shi tare da silinda, don a kansa ake aunawa. Kada a tsallake mataki ba dalili, don in sun ƙare sai sabuwar silinda.

Wajen ɗaurawa, kibiyar kan fistan ta kalli salansa. Bakin kowane zobe ya zauna kan ɗan ƙusar da ke cikin tsaginsa, in ba haka ba ya maƙale a rami ya karye. Ƴan maƙallan da ke tare sandar fistan a sa sabbi. Bayan gyara, kilomita 500 na farko a bi a sannu, ba lodi, ba cika totur.

Salansa ma na toshewa da gawayi, moto ya riƙa nishi ba gudu. A zaro bututun cikinta a ƙona a kankare, a fili, nesa da danni da rumbu. A kuma share ramin fitar hayaƙi na silinda da itace ko ƙarfe marar kaifi. Huda salansa ko yanke ta ƙara kawai yake ƙarawa, ƙarfi kuwa raguwa yake.

Akwai robobin tare iska biyu a gefen kuransha, waɗanda ake ce wa juwan sipi ko oyil sil. In na gefen maganaɗisu ya mutu, iska na shiga, inji ya riƙa ɗaga murya da kansa, buji ya yi fari. In na gefen kuloci ne, yana zuƙar man giya, hayaƙi ya yi kauri, man giya na raguwa. Daidaita karburata ba ya maganin wannan.

Inda ake samun kaya

A Yamai akwai kasuwar Katako, a Damagaram kasuwar Dole, a Maraɗi babbar kasuwa da shagunan da ke kewaye da ita. Kaya da yawa daga Kano suke shigowa ta Ɗan Isa, Magarya da Matamai, wasu daga Sakkwato ta Ƙonni. Kano ɗin ma tana ɗauko da yawa daga Nnewi a jihar Anambra, cibiyar cinikin kayan babur a Najeriya. Kayan AX100 da Jincheng sun fi sauƙin samu. Na mobilet da V80 sukan sa a nema har Burkina, inda aka daɗe ana hawansu.

Kaya iri uku ne: na asali, na kamfanonin da ke kwaikwaya da kyau, da jabu mai kwali kamar na asali. Madubi, fitila da murfin gefe, na araha ma ya yi. Amma fistan, zobba, boris, juwan sipi da buji, a nan araha ba ta ado. Sau da yawa silinda ko karburata ta asali da aka ciro daga mataccen moto ta fi sabuwar jabu. A je kasuwa da tsohon abin a hannu, a jera su a gani. Wanda zai sayi inji sukutum na hannu ya nemi takarda da shaidu, don lambar inji na iya kai mutum hannun jandarma in na sata ne.

Ga ƴan'uwa da ke waje

Masu bin mu daga Abijan, Akara, Legas, Aljeriya, Libiya ko Faransa, in an roƙe ku kayan moto daga gida, suna kaɗai bai isa ba. Ku nemi a turo muku hoto ta WhatsApp na lambar da ke wuyan moto, da ta jikin inji, da hoton abin da ya lalace kusa da ma'auni.

Faɗin fistan na asali: Motobécane milimita 39, Peugeot 103 milimita 40, AX100 da RX100 milimita 50, YB100 da AG100 milimita 52, DT125 milimita 56. Faɗi ɗaya ba ya nufin wannan zai shiga gurbin wancan, don sanda da ramuka sun bambanta. Ku tambayi kuma matakin da silinda take kai. Boris da lamba ake sayensa, kamar 6203, 6204 ko 6304, kuma na kuransha an fi son mai alamar C3. Juwan sipi lamba uku gare shi: faɗin ciki, faɗin waje da kauri. Sarƙar na Japan 420 ce ko 428. A Faransa har yanzu ana ƙera kayan 103 da MBK 51, a Indiya kuma na RX100.

A gyara ko a rabu da shi?

Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, man kwalba ya daina arahar da muka saba, kuma bugu biyu mashayi ne. Mai kabu-kabu da ke yini kan hanya, bugu huɗu ya fi masa riba. Amma mai gona da ke hawa kasuwa zuwa kasuwa, in gangar jikin moto ba ta tsage ba, giya na shiga, silinda na da sauran mataki, gyaran ya fi sayen sabo sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa kuransha, silinda da giya duk sun tafi tare, gara a sayar da shi ga masu neman kaya.

Abu na ƙarshe ya shafi rai: kada a bar moto ko janareto na aiki a cikin ɗaki ko shago a rufe, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya farga ba. Man juye kuma kada a zubar kusa da rijiya.

Wanda ke da tambaya, ko makaniken da ke da wata dabara da ta yi masa aiki, ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Kafin nan, a nemi sirinjin awo, a wanke filta, a kwance buji a ga launinsa.